Kati Tara na Koci Broadnax

"Ta ƙofar gaba ake shiga gidan mutane," na ce masa. "Ta baya sai kare da ɓarawo. Kai wanne ne a ciki?"

Darnell Whitlow ya tsaya a matakalar baya, ƙafa ɗaya a sama, ya cire hula yana wannan murmushin nasa na jarida.

"Mama Ozella, ina wuni? Ya ƙafar?"

"Ƙafata ba ta aike ka ba. Me ka zo ɗauka?"

"Baba na zo dubawa."

"Laraba ce kaɗai yake ciwo? Sauran ranakun lafiyarsa ƙalau ke nan?"

Daga cikin falo muryar tsohon ta fito, a shaƙe, robar iskar numfashi da ke hancinsa na hana ta ƙarfi. "Ozella, ƙyale yaron nan ya shigo. Ke ba 'yar sanda ba ce."

Na matsa, amma ban matsa da yawa ba, sai da ya karkace kafin ya wuce. Minti goma bai yi ba ya fito, aljihun rigarsa ya kumbura. Na san abin da ke ciki. Kati goma sha ɗaya ne, ɗaure da roba.

Ni ce Ozella Crump. Shekara ashirin da shida gidana yana jikin gidan Hosea Broadnax a titin Sycamore, nan Marl Creek, shingen waya kawai tsakaninmu. A aji huɗu aka cire ni daga makaranta aka kai ni tsinkar auduga, don haka wanda yake neman magana mai kwalliya ya nemi wani. Abin da na gani da idona shi zan faɗa, kuma ina so mutanen garin nan su ji shi.

Shekara talatin da huɗu Hosea ya yi yana mataimakin kocin ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita, a kwalejin garinmu. Manyan koci biyar suka zo suka wuce yana nan. Darnell ɗin nan da ake rataya hotonsa a shagon aski, ɗan Mavis mai wankau ne, da majina a hanci Hosea ya ɗauko shi ya koya masa yadda ake ɗaura hular kwano. Shekara uku da suka wuce aka ba Darnell babban koci. A watan ne Hosea ya yanke jiki ya faɗi a fili, zuciya. Kwaleji ta ba shi agogon bango da faranti ɗaya na soyayyar kaza, aka ce ya je ya huta.

Hutun ke nan da nake ba ku labari. Kowace Lahadi, muna majami'a, Darnell zai zo ya saka kaset ɗin bidiyo a akwatin wasiƙun tsohon. Kaset ɗin wasan waɗanda za a kara da su ranar Asabar ne. Hosea ya liƙa kwali a rabin talabijin ɗinsa na sama, ba ya ganin kai, ba ya ganin ƙwallo, ƙafafu kawai. Sau goma sha ɗaya yake kallon wasa guda, kowane kallo mutum ɗaya yake bi, daga usur ɗin farko har na ƙarshe. Lahadi biyu, Litinin huɗu, Talata huɗu, Laraba da safe ɗaya. Kowane mutum da katinsa, kuma abin da yake rubutawa ba ya wuce layi uku.

Na taɓa tambayarsa, "Duk wannan wahalar, layi uku?"

Ya ce, "Abin da yaro ba zai riƙe a kai ba yana gudu, shara ce. Ga wannan, mai lamba hamsin da biyu. In zai afko, diddigen hagu yake ɗagawa. In zai ja baya, ƙafarsa a shimfiɗe. Shi kansa bai sani ba. Baki yana ƙarya, Ozella. Ƙafa ba ta iya ba."

In sun ci wasa ranar Asabar, gari ya ɗauka da hon ɗin motoci, shi zai sha shayi mai ƙanƙara kofi ɗaya a baranda, shi ke nan murnarsa. Ya kan ce ƙararrawar majami'a ta Lahadi ita ke binne nasarar Asabar. Da ta kaɗa, ka manta kun ci, ka feƙe fensir.

Cikin shekara ukun nan wasa talatin da ɗaya suka buga, suka ci ashirin da tara. A gida kuwa ba a taɓa doke su ba. Jarida ta buga Darnell ya harɗe hannu, aka ce wai yana da wata hanya tasa ta shirya mako. Da yatsa na bi rubutun har ƙasa, sau biyu, ina neman sunan Hosea. Babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun da Vernice matarsa ta rasu ni nake dafa masa. 'Yarsa Renita tana Chicago, sai waya. Don haka ni ce na kai shi wurin likita a farkon Oktoba, ni ce kuma na ji abin da likitan ya ce. Ya ce zuciyar ta zama kamar tsohuwar safa. Ya ce ya kwanta, ya ɗaga ƙafa, kada ya zauna awa biyu a wuri ɗaya.

A mota na ce, "Ka ji dai."

Ya ce, "Na ji. Wannan likitan, in zai faɗi mugun labari sai ya taka ƙafar kujera. Kin lura?"

"Hosea, yaron nan kashe ka zai yi. Yana tatsar ka kamar saniya, in ka ƙafe ya tsallake ka."

"Ki kula da hanya. Kin kusa taka karen Fasto."

Ranar Lahadin da ta biyo baya ban je majami'a ba. Na ce ƙafa. Na zauna bayan labule har farar motar Darnell ta zo, ya duba hagu ya duba dama, ya saka kaset, ya tafi. In abu na Allah ne, me ya kawo dube-dube? Na fita na ɗauke kaset ɗin, na tura shi cikin buhun garin masara a kicin ɗina.

Ba zan yi muku ƙarya ba. Ni na ɗauke.

Da rana na kai masa soyayyar tarwaɗa da burodin masara. Na same shi ya aske gemu, ya sa riga mai guga, fensir uku a feƙe, kati goma sha ɗaya a jere a kan tiren cin abinci.

"Duba mini akwati, Ozella."

Na fita na dawo. "Babu komai."

"Wataƙila an riƙe shi a ofis."

Da la'asar ya ce in sake dubawa. Na je na tsaya a bakin titi na ƙirga goma, na dawo. Ya ce to. Tarwaɗar ya tsattsage ta kawai, bai ci ba.

Litinin na shigo da safe na same shi a kujerar, a rigar jiya. Bai kira Darnell a waya ba. Hosea ba ya roƙo, ko gishiri ne. Ya tambaye ni yau wace rana ce. Mutumin da ko a mafarki ka tashe shi zai faɗa maka ranar da kuma mutum na nawa ake kai! Na ce Litinin. Bayan awa ɗaya ya sake tambaya. Na ce ya kwanta, ya kwanta ba musu, kuma wannan ne ya tayar mini da hankali fiye da komai. Ya juya fuska bango ya ce, "Ya sami wani ke nan. Ai dama an ce akwai na'urar da ke yi yanzu."

Na ce a raina, gara haka. Ya ji haushin kwana biyu ya rayu.

Talata da hantsi na shigo da kunun masara. Yana zaune. Ya bar ni na ajiye kwanon, na gyara masa robar iska, sannan ya ce, "Je ki kawo."

"Me?"

"Kaset ɗina."

"Wane irin kaset? Ka fara ruɗewa ne?"

"Ozella Crump. Shekara shida kina shigowa ɗakin nan da kwano. Kullum da kin tsallako ƙofa, ƙafarki kujerata take nufa, ki zo ki leƙa fuskata ki ga ko na mutu. Tun shekaranjiya in kin shigo sai ki tsaya a bakin tabarma, ki karkata wajen talabijin, sannan ki zo. Na so in gane tun Lahadi. Tsufa ne ya sa na kai Talata."

Na tsaya kamar an dasa ni. Sai kuma na fashe.

"E, ni na ɗauka! Na ɗauka ɗin! Kai ba ka da zuciyar jin haushi ne? Suna cin nama kai kana lasar tukunya. Ko sunanka bai taɓa faɗa ba, ɗan Mavis ɗin da ka saya wa takalmi!"

"Kin gama?"

"Ban gama ba!"

"To ki ƙarasa a hanya. Kin cinye mini mutum shida. 'Yan Alabama ne wannan makon, kuma ba su da kirki."

Na je na tono kaset ɗin, na karkaɗe garin da gefen riga, na jefa masa a cinya. Ya hura shi, ya ce, "Da sai ki soya shi gaba ɗaya." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kunun kuwa ya shanye tas, har ya ce babu ƙari?

Ranar mutum huɗu ya kalla, washegari ma huɗu. Laraba da yamma Darnell ya zo ta baya kamar kullum. Ina kicin ina ji.

"Baba, yaya? Yara suna jira."

"Ka dawo gobe da rana. Na makara."

"Ka makara? Kai? Ai tun Lahadi na kawo."

Na riƙe numfashi. Hosea ya ce, "Na'urar ce ta cije kaset. Sai jiya ta saki."

"Ko in karɓi waɗanda ka gama?"

"Ba a ba da rabin mako. Gobe."

Da Darnell ya fito ya dube ni, na dube shi. Ban san abin da ya gani ba. Shi ba ya karanta ƙafa.

Kafin in tafi gida na ce wa Hosea ya bari haka, ya kwanta. Ya ce saura uku, zai yi ɗaya da asuba, biyu kafin rana. Na ce, "In na zo na same ka a kujerar nan zan fasa talabijin ɗin da muciya." Ya ce, "Ki taho da ƙwai biyu. Kada ki ƙona gefen."

Alhamis ƙarfe bakwai da rabi na shigo da ƙwan. Rana ta shigo ta taga har kan tabarma. Kaset ya ƙare, talabijin ya yi shuɗi a ƙarƙashin kwalin. Tukunyar iska tana ta hucinta. Yana kujera, kansa ya ɗan karkata, tabarau a hanci, fensir a tsakanin yatsu. Na tsallaka ƙofa na nufi kujerarsa kai tsaye, na leƙa fuskarsa.

Na ajiye ƙwan a kan talabijin. Na rufe masa ido. Na kashe tukunyar, sai ɗakin ya yi tsit.

Kati tara ya cika. Biyu lamba kawai ya sa musu a sama, ƙasa fari fat. Ɗaya talatin da ɗaya, ɗaya tamanin da huɗu. Na kwashe duka na zuba a aljihun riga kafin in kira Renita, kafin in kira kowa.

Ƙarfe ɗaya Darnell ya zo. An riga an ɗauki gawar. Wannan karon ta gaba ya shigo, don mata sun cika baya da tukwane. Idonsa ya yi ja. Ya tsaya a falo yana kallon kujerar, ya share hanci da bayan hannu kamar yana ɗan shekara goma. Na ba shi minti biyu. A na ukun na ga idonsa ya sauka kan tiren.

"Abin da kake nema ba ya nan," na ce.

"Mama Ozella, haba."

"Haba me? Gawarsa ba ta huce ba kana laluben tire."

Ya jawo ni baranda, ya rage murya. "Ki ji tsoron Allah. Uba ne a wurina. Kin san me ya sa nake bi ta baya? Shi ya rantsar da ni. Bayan ya faɗi a fili shugaban kwaleji ya ce ko ƙwallo aka ga ya taɓa, a bakin aikina. Ranar da na faɗi sunansa a rediyo, ranar za a hana ni kawo masa kaset. Ya ce in na hana shi kaset, in saya masa akwatin gawa tukuna."

"Daɗin baki."

"Wallahi gaskiya ce."

"Kuma gaskiyar ta zo daidai da aljihunka, ko? Ikon Allah. Shi ya rantsar da kai ka harɗe hannu a jarida? Shi ya ce ka ce hanyarka ce?"

Ya kalli takalminsa.

"To yanzu ya mutu," na ce. "Babu mai hana shi kaset. Ranar Asabar kafin a busa usur, ka sa a faɗa a lasifika, gari ya ji. A ce Hosea Broadnax ne yake shirya muku mako tun shekara uku. Da bakinka ko da bakin mai lasifika, ban damu ba. In ka yarda ga kati. In ba ka yarda ba yanzu in jefa su a tukunyar miyar ganye."

"Na yarda."

"Dube ni ka faɗa."

"Na yarda, Mama. Na yi alkawari."

Na ba shi tara. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. "Saura biyu."

"Bai kai gare su ba."

"Me ya faru a makon nan ne? Bai taɓa makara da aiki ba, ko ranar da aka binne Mama Vernice."

"Ka tambayi na'ura," na ce.

Asabar ban je fili ba. Daga barandata ana jin lasifika rangaɗaɗau in iska ta juyo, kuma ta juyo. Renita ta iso, tana zaune kusa da ni da rediyo a cinya. Aka yi kaɗe-kaɗe, aka gama. Sai mai lasifika ya ce a tashi tsaye a yi shiru na minti ɗaya don tsohon ma'aikacinmu, Hosea Broadnax, wanda ya yi hidima shekara talatin da huɗu, ya yi ritaya shekara uku da suka wuce.

Na jira sauran. Aka busa usur.

Ritaya! Mutumin da ya mutu da fensir ɗinsu a hannu.

Renita ta ce, "Ai sun kyauta, Inna Ozella, sun tuna da shi." Na ce ta rufe mini baki.

An doke yaran Darnell, ashirin da ɗaya da goma sha bakwai. Karon farko a gida cikin shekara uku. Mai rediyo ya ce an rufe 'yan Alabama ta ko'ina kamar an san abin da za su yi kafin su yi, sai yaro ɗaya tak da aka rasa yadda za a yi da shi. Sau uku ya tsallaka layin ƙarshe da ƙwallo ya ci maki. Ya faɗi lambarsa, tamanin da huɗu, ya fi sau goma. Ban buƙaci shiga ɗaki in duba katin ba, amma na shiga na duba.

To ga shi nan. Katunan biyu suna cikin Littafi Mai Tsarki na, duk mai son gani ya zo. Rubutun Hosea ne, duk wanda ya buga ƙwallo a garin nan ya san yadda yake rubuta lamba huɗu. Sau uku na je ofishin shugaban kwaleji da su. Wata yarinya mai dogon farce ta ce yana taro, ta ba ni takarda in cika. Na ce ba takarda na zo cikawa ba. Ƙofar fili ta yamma, wadda yake shiga ta nan shekara talatin da huɗu, ba ta da suna. A sa nasa. A kuma sa shekarun daidai, talatin da bakwai, ba da huɗu ba. Zan koma Litinin, da Litinin ta gaba.

Akwai masu cewa ni na rage masa kwana, don na faɗa wa Fasto abin da na yi, Fasto kuwa yana da mata. Su faɗa. Na san kwana biyun da na ɗauke masa, ba sai an tuna mini ba, da su nake tashi kowace safiya. Amma ba ni ce na sa tsoho mai ruɓaɓɓiyar zuciya aiki ta ƙofar baya ba. Ko kaset ɗin ne yake kashe shi, ko shi ne yake riƙe da shi, likita bai faɗa ba, ni ma ban sani ba. Abin da na sani, an yi mini alkawari a baranda an karya.

Litinin aka binne shi. Amma Lahadin da ke tsakani, washegarin wasan, ban je majami'a ba, wannan karon ƙafar ce da gaske. Ina bayan labule ƙararrawa ta kaɗa. Ba a jima ba sai ga farar motar ta shawo kwana a hankali, ta tsaya. Darnell ya fito da kaset a hannu. Bai duba hagu ba, bai duba dama ba. Ya buɗe akwatin wasiƙun, har ya miƙa hannu, sai ya tsaya.

Na dubi ƙafafunsa. Ɗaya tana fuskantar mota, ɗaya tana fuskantar gidan. Ya daɗe a haka, murfin akwatin a buɗe, ganyen bishiya yana faɗowa a kan motar.